Adakar Baba

Ranar sadakar uku muka buɗe adakar Baba
a ɗakinsa na zaure, can Anguwar Kahu.
Tanimu ya riƙe fitila, Uwani ta kawo guduma,
don inda makulli yake
bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ashe gara ta riga mu.
Takardar gida ta zama gari,
sai kusurwa ɗaya mai shuɗin hatimi
da rabin sunansa.
Rasit ɗin keken ɗinki kuwa yana nan garau,
shi da ba mu nema ba.

Shekara arba'in yana aska takwas a ƙirjin riga.
Mutumin da zai warware aikin kwana uku
don allura ta kauce da zare ɗaya,
shi ne ya bar mana dukiya babu kalmasa.
In Inna ta ce, “Malam, a dai rubuta,”
sai ya ce, “Mutuwa kike kira mini?”
Ta zo, ba ta jira kiran ba.

Gonar Dakace, Uwani ta ce tata ce,
ya ba ta ranar sunan ɗanta na fari,
yana ɓara goro, yana dariya.
Ni na yarda. Alƙali ya ce ina shaidu.
Ɗaya yana kwance a maƙabarta tun bara,
ɗaya tsufa ya ci, yana kiran jikarsa da sunan uwarsa.
“Kin karɓa? Kin taɓa sa fartanya?”
Kyauta ta tsaya a baki,
ba ta kai hannu ba.

Filin Samaru da sunan amininsa ya saya,
wai Alhaji Ɗanjuma ya fi shi sanin ofis.
Su biyun sun riƙe juna har kabari.
'Ya'yan Alhaji ba ɓarayi ba ne,
sunan ubansu suka gani, suka zuba shaguna.
Takarda suka gada,
ba su gaji amanar ba.

Sai masu bashi.
Wani daga Sabon Gari ya ce kuɗin shadda, bandir uku.
Muka biya ido rufe, kada a tsare Baba a can.
Waɗanda Baba ke bi kuwa sun zo gaisuwa,
sun ci gumba, sun shafa fatiha,
ko ɗayansu bai tuna ba.

Shekara shida muna share bencin kotu da riguna.
Keken ɗinki ya tafi a kuɗin lauya.
Tanimu, da muka sha nono ɗaya,
in ya hango ni a Ƙofar Doka sai ya karya kan babur.
Bulo ya ratsa tsakar gida,
rijiya a wajensa, murhu a wajena.
Inna ta cika
ba ta sake ganin hannunmu a kwano ɗaya ba.

Jiya bayan La'asar na kira liman
da maƙwabta biyu, na zaɓi waɗanda na girma.
Muka rubuta wanda ke bi na, da wanda nake bi,
da ajiyar mutane da ke hannuna,
da inda kowace takarda ke kwana.
Wasiyya ga maraya Sallau, ban haura sulusi ba.
Abin da na yi niyyar bai wa yara, na ba su daidai,
makulli a tafin hannu, a gaban ido.
Saura kuwa Allah ya riga ya raba,
ban sa baki ba.

Lantana ta fashe da kuka:
“Baba, ciwo kake ɓoye mana?”
Na ce lafiyata lau, shi ya sa.
Tawada ba ta taɓa rage wa wani kwana ba.

Kwafi uku muka yi.
Guda na ba yaro ya zaga ta ƙofar Tanimu.
Ya ce ya karɓa, ya karanta a tsaye,
ya daɗe yana duban katanga.
Bai ce komai ba,
amma bai maido ba.