Ai

A layin asibitin ido na Sabon Gari
benci ya ɗau zafi, kati na hannuna,
lamba sittin da bakwai.
Shekara talatin ina koyar da Turanci a Gwammaja,
in nuna fuskata da alli, in ce: ku ce ai.
Yara su ce ai.
Ban taɓa tambayar inda ta fito ba.

Yau da yana ta rufe na hagu,
na dama ke ganin mutane kamar ta cikin koko,
na ce wa jikana Mudassiru, duba mini a wayarka.

Ya ce, Kaka, tsohuwa ce tukuf.
Kakannin Turawan Ingila eage suke cewa,
da ga a tsakiya kamar ƙashi a miya.
Bakuna suka yi ta tauna, shekara dubu,
har ƙashin ya narke,
sai ɗan numfashin nan ya rage.
Jamusawa ba su haɗiye nasu ba, auge suke cewa.
Can baya kuma wai saiwa guda ce, mai nufin gani,
ba wanda ya ji ta da kunnensa,
sawunta masana suka bi.

Ya ce har wundo da muka ara,
idon iska ne asalinta.
Na yi dariya, sai da nas ta waiwayo.
Kullum da asuba ina buɗe wa iska ido
ban sani ba.

Mu namu bai yarda ya zauna a fuska ba.
Ya sauka ƙafa, idon sawu.
Ya shige ƙasa, idon ruwa.
A Kantin Kwari ya zama ruwa da kansa,
ya hana mace zaɓar atamfa har la'asar.
Marigayiya Habi, in tana zuba mini tuwo,
takan ce ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Tun da ta tafi ba wanda ya auna daidai.

Sittin da bakwai!

Likita ta rufe mini na hagu da tafin hannu,
wanda dama a rufe yake.
Baba, babban harafin can na sama, ka gan shi?

Mudassiru ya raɗa: da shi kalmar ta fara.
Na zuba wa allon abin da ya rage mini.
Na ce, ai...
Likita ta jira sauran maganar.