Littafin Minti

Bayan isha'i, in an ɗauke wuta,
shagon Barau ne majalisarmu,
can Tudun Wada, daf da mai shayi,
inda rediyo ke zuwa jinya.

Wilin keke ya kafe a kan benci,
ragowar keken kawun Tanimu.
Mayen ƙarfe goma sha shida
muka ƙwaƙulo daga matattun sifiku,
muka bi baki muna mannawa da gam,
Istifanus na naɗin waya.

Daga Wusasa yake takowa,
kuɗin acaɓa sun tafi ga jan ƙarfe.
Naɗi dubu, ba ya son surutu,
in lissafi ya ɓace masa sai ya koma ɗaya.

Ni nawa littafi ne da agogo.
Barau ya tura da ɗan yatsa,
na rubuta: minti huɗu, ta tsaya.
Muka sa giris: minti shida, ta tsaya.
Muka karkata mayen kaɗan hagu,
Tanimu ya riƙe numfashi kamar mai nutso a Kubanni,
minti tara da ɗoriya,
ta yi rangaji, ta dawo baya, ta tsaya.

"Saura ƙiris," in ji Barau.
"Wannan na tura wancan, wancan na jan na gaba.
Ƙarfe ba ya cin tuwo, ba ya shan fetur,
to wa zai gaji a cikinsu? Ku ba ni amsar tambaya."

Daren wata Laraba mita ta nuna sha uku.
Muka yi ihun da ya tashi karen maƙwabta,
mai shayi ya ce kofi huɗun nan kyauta,
Tanimu har ya raɗa wa kamfani suna,
ya yi wa janaretan gidansu kuɗi.
Muka jona ƙwai a kan batirin.
Ya haska gwargwadon sallama da amsawa,
ya yi ja kamar idon mai mura,
ya bar mu a duhu, ba mai dariya.

Muka ɗauki wilin zuwa Samaru.
Dakta Rabi'atu ta duba naɗin, ta yaba hannu,
sannan ta goge alli a gefen mayafi:
"Adashi kuke yi, 'yan uwa.
Abin da ka zuba shi za ka kwasa,
uwar adashi kuma sai ta cire nata:
iska ta ci, boris ya ci, zafin waya ya ci.
Mitarku ta ga kumfa ne, ba miya."

Har Kwangila ba wanda ya ce uffan.
Wilin na kan cinyata, yana jan makullin direba.
Da muka sauka Barau ya ce,
"Ta san littafi, ban musa ba,
amma ba ta ga wanda ke kaina ba." Ya kama hanya.

'Yarsa Ummulhairi ce, mai shekara tara,
ta tsinci sarƙa da feda a kwandon tarkace,
ta ce a mayar mata, tana son wasa.
Ta murza da hannu biyu tana haki,
ƙwan ya kama, bai mutu ba,
muka ga fuskokin juna, muka ji kunya.

Yanzu layinmu kowa ya sani:
kawo wayarka, hau sirdi, taka da kanka.
Rabin awa na gumi, caji ya ɗan ɗaga.
Tela na zuwa, mai tsire na zuwa,
har liman ya naɗe babbar riga ya hau.
Ba kyauta ba ce, da cinya ake biya.

Amma in dare ya raba, kowa ya watse,
Barau na zare sarƙar a hankali,
ya gyara zaman maye na bakwai,
ya dube ni. Na buɗe shafi na casa'in.
Agogo a hagu, biro a dama,
ya tura da ɗan yatsa, tana juyawa,
ban rubuta komai ba tukuna, tana tafiya.