Kawuna Bakwai a Kan Kanta

Kwana goma sha bakwai da fara ƙarin ruwan magani
na tashi, gashina bai tashi ba.
Ya yi kwanciyarsa a kan matashi
kamar baƙon da ya gaji da gaisuwa.
Na tattara shi a ledar burodi, na ƙulle,
ban san wa zan ba ajiya ba.

Gidanmu na ƙolin tudu a Valparaiso,
matattakala ɗari da tara zuwa titi.
Shekara talatin ina hawansu da kwandon kifi
ban taɓa ƙirga su ba.
Ciwon daji ne ya koya mini lissafi.

Shagon Hortensiya na bayan kantin magani,
ƙararrawa a ƙofa, ƙamshin sabulu.
Kawuna bakwai a kan kanta,
ba ido, ba baki, ba mai ciwo a cikinsu,
kowanne da sumarsa har kafaɗa.
Ta ce, "Zauna, Nelida, kada ki dubi farashi tukuna."
Ai kuwa shi na fara duba.
Na gashin mutum, cinikin wata biyu.
Na roba, mako uku, in teku ta yi kirki.

Na sa na farko: mai karanta labarai a talabijin.
Na sa na biyu: surukata ce ta dawo daga kabari
har da harararta.
Muka yi dariya har ƙirjina ya tuna mini da ɗinki.
Na uku ya kusa.
Kusan nan ce ta sa ni kuka,
don ya yi kama da ni a ranar da ban san komai ba.
Na ce, gashin wace ce?
Ta ce ba a faɗa musu.
Wata dai ta zauna a wani gari an sa mata almakashi,
ko don kuɗi, ko don Allah.
Na mayar wa kan da abinsa.
Na ɗauki na roba, ruwan ƙasa, biya kashi uku.

Zafin Janairu ya shige ƙarƙashinsa,
ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa.
Ga iskar teku ba ta da kunya:
a bakin tasha ta karkata shi gefe guda
gaban masu sayen kifi.
Wani yaro ya gani, ya kau da kai.
Har yau ina gode masa.

A ɗakin ƙarin ruwa, wata Talata,
Griselda mai kujerar taga
ta kwance kallabinta, ta ɗaura mini da hannu ɗaya,
ɗayan na ƙarƙashin allura.
"Auduga za ki nema, siliki zamewa yake.
Ƙulli a gefe, kada ya danne ki in kin kwanta."
Bayan mako huɗu kujerar taga ta zama ta wani.
Ban tambaya ba.
Kallabin na wurina, shuɗi mai ɗigon fari.

Anibal kuwa, shekara ashirin da sanƙo,
ni na fi kowa yi masa tsiya.
Yanzu shi ne malamina.
Ya ce sanyi ta ƙeya yake fara sallama,
ya ce a shafa mai kafin rana ta take,
ya ce akwai abin da masu gashi ba su sani ba:
yadda yayyafi ke gaisawa da mutum ba ɗan aike.
Ya ba ni hular ulunsa ta fita teku
mai warin gishiri da man inji.
Na wanke sau biyu, ba ta daina ba, na ƙyale ta.

Hular gashin na zaune a kan tulun furanni,
jikata Maite na taje ta, tana kai mata gulma.
Ina sa ta in za ni banki, ko coci.

Jiya da asuba ruwan farko ya sauko.
Na fita baranda ba komai a kaina.
Jirage can ƙasa da fitilunsu.
Anibal bai yi ƙarya ba.
Na tsaya nan
har ya leƙo ya ce shayi zai huce.