Lambun Bakin Kwari

Ni na riƙe wutsiyar igiyar awo
ina ɗan shekara goma sha tara,
Malam Hammayo a ɗaya bakin, fensir a bayan kunne,
yana daka mini tsawa:
Ja, Babayo, ja, ba jelar akuya ba ce!

A lokacin wurin nan ba shi da suna.
Kwari ne kawai a gefen Gombe, baki buɗe,
kowace damina sai ya ci gida biyu ya kora da ruwa.
Ya haɗiye katangar Alhaji Jungudo har da rumbu,
ya bar ƙofar tsaye ita kaɗai tana leƙen rami.
Mutanen unguwa suka rama da shara:
toka, leda, mushen kaji, tsohuwar katifa.

Daga ofis aka ce a cike shi, a shafe da siminti.
Malam ya tsuguna, ya damƙi yashi,
ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsu.
Ya ce ruwa baƙo ne mai zafin rai,
ba a rufe masa ƙofa, shimfiɗa ake yi masa.
Sai ya zana matakala bakwai daga tudu zuwa gangare,
kowace da jema a leɓenta don saiwa ta ɗinke ƙasa,
can ƙarshe tafki,
inda baƙon zai zauna ya huce.

A takarda hanyar tsakiya miƙaƙƙiya ce.
Je ka duba yau, ta yi gwiwa a gindin tsamiya.
Inna Dudu ce sila, mai kunun gyaɗa,
ta ce shekara ashirin tana nan, kowa ya zo sai dai ya kewaye.
Malam ya goge layin da babban yatsa,
ya ce a zuba masa ludayi biyu.

Madaci ɗari huɗu muka dasa, awaki suka ci rabi.
Muka sake, muka yi musu rigar ƙaya,
muna ɗauko ruwa a garwa tun kiran assalatu.
Maina ta gabas don masu jiran mota,
giginya a bakin tafki,
benci kuwa kowanne ya ba ranar la'asar baya.
Famfon ƙawa ba ya cikin zanensa, manya suka kawo,
ya yi feshi ranar buɗewa,
tun daga nan ƙadangaru ke haya a ciki.

Ƙofa huɗu ya bari, ya hana a sa ƙyaure.
An sa bayan sadakar arba'in ɗinsa.
Bai zauna a inuwar madacin ba ko sau ɗaya,
ya bar su ba su wuce kafaɗata ba.

Yanzu ni ke yagar tikiti a ƙofar kudu.
Ɗalibai na bitar jarrabawa a mataki na uku,
masu hoto na cewa a matso, a yi murmushi,
wani yaro ya tambaye ni ko dama haka Allah ya yi wurin.
Na ce masa kusan haka.

Igiyar tana gida, ana shanya a kanta.

Amma in hadarin Agusta ya karye da dare
nakan fito da tocila, in tsaya gindin tsamiya,
in ji shi yana saukowa, ɗaya, biyu, uku,
yana rage murya a kowane mataki
kamar mai cire takalmi a zauren surukai.