Firizar Farfesa Hedley

An ce in kwashe firizar kafin Juma'a,
masu sabon ɗaki na tafe da nasu kaya.
Na sa safar hannu biyu, na ja ƙofa,
sanyi ya fito kamar ɗaurarren da aka manta da shari'arsa.

Newcastle, ƙarshen Nuwamba.
Tun la'asar rana ta naɗe tabarmarta,
kogin Tyne ya yi baƙi ƙirin a ƙarƙashin gada,
ni kaɗai a hawa na huɗu
da 'yan kwalabe sun fi dubu.

Kowace da rubutun hannunta,
ƙanana, a karkace, kamar sawun kiyashi a kan gari:
Hantar ɓera, Maris, tamanin da bakwai.
Ta lalace, a sake.
Wannan ma.
Wannan ma.
Sai a jeri na tara na ga ta rubuta: To!

Ranar da na fara zuwa, da kwat ɗin aro,
ba ta tambayi takarduna ba.
Ta buɗe wata kwalba a bakin hancina,
warin mushe ya doke ni har ƙwalla.
Ta ce, "Futiresin ke nan, Gambo, ku gaisa.
Abin da ke tashi daga gawa,
shi ɗan tayi ke nema kafin ya yi yatsa."

'Yan ɗaki ɗaya ne su uku, ta ce,
futiresin, sufamidin, sufamin,
kowane ya ɗara wansa tsawo,
suna maƙale da zaren gado a cikin ƙwayar halitta
kamar goyo a bayan uwa.
In sun yi kaɗan girma ya tsaya,
in sun yi yawa ƙari ya samu gona.

Shekara arba'in tambayarta ɗaya:
wa ke ce wa ƙwayar halitta ya isa?
Ta bi wani inzayim mai gajeren kwana,
wanda kafin shayinta ya huce
an haife shi, ya yi aiki, an rushe shi.
Sau biyu aka hana ta kuɗin bincike,
ta riƙa wanke kwalabe da kanta, tana fito.
Ba ta taɓa jin zancen mai dafa dutse ba,
amma ga romon nan a hannuna, ya daskare.

Wata rana na ba ta labarin shanun kakana,
yadda sammore ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.
Ta cire tabarau, ta daɗe tana dubana.
"Ita ma cutar da foliyamin take rayuwa.
Je ka nemo rijiyarta, ka toshe."
Magana ɗaya, ta cinye mini shekara takwas.

An ce an ambaci aikinta sau dubu goma sha ɗaya.
Ta ce rabinsu ba su karanta ba.
Abin da take ƙirgawa katunan ƙarshen shekara ne:
daga Osaka, daga Kampala, daga Recife,
ɗalibanta da ɗaliban ɗalibanta,
duk da ciwo iri ɗaya:
ba sa yarda da sakamako sai sun maimaita sau uku.

Yanzu tana gidan tsofaffi a Whitley Bay,
tana kallon teku, sunana ya ɓace mata.
Ran Lahadi na ce, "Farfesa, aiki ya yi kyau."
Ta juyo a hankali: "Sau nawa ka maimaita?"

A can ƙurya, bayan ƙanƙara,
na sami wata kwalba mai murfi ja,
gwajina na farko, wanda na ɓata,
na ɗauka tuntuni ta zubar.
Ta rubuta: Na Gambo. Kuskure ne, amma ya yi tunani.
Kar a taɓa.

Injin firiza na ta gurnani.
Takardar da aka ba ni gida biyu gare ta:
a ajiye, a ƙone.
Yatsuna sun mutu da sanyi,
biro ya ƙi rubutu.