Awo Biyu, Ƙafa Ɗaya

Ranar Litinin na tura ƙafar Sali cikin bakin injin,
na tokare idon sawu da soso, na ja maɗauri,
na ce, kada ka motsa.
Ya ce, ni da ke ɗaukar dilar auduga
tun gemu bai san hanyar haɓata ba,
kwanciya ce za ta gagare ni?

Injin maganaɗisu ya soma ƙwanƙwasa,
maƙera uku a rumfa ɗaya.
Ba ƙashi nake nema ba, ƙashi lafiya lau.
Ruwa nake bi,
ruwan da ke yawo a tsokar sharaɓa,
wanda ba ya zama ko mai shi na barci.
In zaren tsoka na nan, bin sa yake tsaf,
kamar Binuwai a watan rani, tsakanin gaɓa da gaɓa.
In zare ya tsinke,
sai ya bazu yadda ya ga dama,
Binuwai na Agusta, har gonakin albasa.

Litinin: ɗaya da ɗigo shida.
Alhamis: ɗaya da ɗigo huɗu.
Ƙafa ɗaya, daga gwiwa taƙi guda.

Innata ta yi shekara talatin tana awon gero a kasuwar Garwa.
Takan ce kwano bai iya ƙarya ba,
amma a dubi babban yatsan mai awo.
Na dubi nawa.

Sali, da me ka zo ran Litinin?
Da ƙafa, daga Rumde, ina ɗingishi.
Ran Alhamis fa?
Ƙanina ya goyo ni a babur.
To, jini mai zafi, jini mai sanyi.
Kuma ran Litinin an ɗauke wuta,
ɗakin ya yi gumi kafin janareta ya tashi.
Kuma wa ya sani ko tafin sawun
ya karkata kaurin tsinke biyu.

Dakta Mairama na son lamba ɗaya.
Ya warke ko bai warke ba?
Ga motoci a ƙofar masaƙa,
ga kuɗin makarantar 'ya'ya uku,
sefa ba ta jiran ɗigo.

Da dare na sa kwalbar ruwan ƙanƙara
a gurbin ƙafar mutum.
Kwalba ba ta da bashi, ba ta hawa babur.
Sau uku na tambayi injin,
sau uku ya ba ni amsa,
kusan ɗaya. Kusan.

Sai na rubuta lambobin duka biyu,
na bar fili a tsakaninsu,
na sa sunana a ƙasa.
Filin nan ne abin da ban sani ba,
shi ma na aune shi.

Na ce ya dawo Asabar da hantsi,
ya zauna rabin awa, kada ya taka ko'ina.
Ya ce, malama, sau nawa ake auna ƙafa ɗaya?
Na ce, har ta maimaita abin da ta faɗa.

Ya yi dariya, ya sauka matakala.
Ina kallo ta taga:
ta farko da dama,
ta biyu da dama,
ta uku ya manta, ya sa hagu,
ya tsaya cak,
kamar mai sauraron wani daga nesa.