Sikelin Don Casimiro

Jajibirin yankan rake a Tucumán, sanyin Mayu ya sauko,
manyan motoci sha ɗaya sun ja layi a ƙofar masana'anta,
direbobi na miƙa wa juna ƙoƙon shayin ganye,
ni kuwa ina durƙushe a ƙarƙashin tebur
da tocila a baki.

Sikelin nan ya girme ni.
Shekara talatin yana faɗin nauyi ta waya mai haƙori tara,
harafi na bin harafi, ba gaggawa.
Kwamfutar da ke jin yarensa ta mutu ranar Talata,
sabuwar da aka kawo ba ta da kunnen sauraronsa.

Sai na zo da tafinta,
ɗan akwatin ƙarfe, bai fi sandar sabulu ba,
rami ɗaya na tsohuwar waya, ɗaya na sabuwa.

Ashe tafintan ma baƙo ne.
Da adireshin gidan da aka ƙera shi ya zo,
ɗari da casa'in da biyu da 'yan rakiyarta,
mu kuwa unguwarmu da goma take farawa.
Na yi sallama, shiru.
Na sake, shiru.
Taku ɗaya tsakaninmu, amma ba ma jin juna.
Dole na sauya wa kwamfutata lamba,
na yi ƙaura zuwa unguwarsu na minti biyar,
na kamo hannunsa.

Goma, sifili, huɗu, ashirin da bakwai.
Na ja masa shinge ya san iyakar maƙwabta,
na nuna masa ƙofar fita gari.
Ban ba shi ɗakin haya da ake sauyawa kullum safiya ba,
gidan zama na ba shi.

Sai ga Herminia daga ofis, rasit a hannu:
firinta ta ƙi motsi.
Wayyo, gidan da na bayar da mai shi a ciki.
Na ba ta haƙuri, na matsa gaba da ƙofa ɗaya.

Don Casimiro na tsaye, hannu a aljihu,
yana kallona kamar na zo auna makararsa.
Ya ce, Delfina, me ya rage?
Na ce direba.
Ya nuna taga da haɓa: ga sha ɗaya can suna jin sanyi.
Na ce wannan ba shi da mota,
aikinsa ya raɗa wa kwamfuta
cewa sikeli na nan kusa, a ƙofa ta uku,
alhali yana can ƙetaren fili, bayan rumbun suga.

Na ɗora direban. Ƙofa ta buɗe.
Abin da ya fito a allo ko kaza ba ta tona irinsa ba,
ƙugiya, akwati, alamar tambaya, ƙugiya.
Tsoho na magana a hankali,
yaro na saurare da gudu.
Na gwada dubu tara da ɗari shida. Shirme.
Na ninka. Shirme ya ninku.

Bai ce komai ba. Ya jawo aljihun tebur,
ya fito da littafi mai ƙanshin man inji,
ya lashi yatsa, ya buɗe, ya ɗora farce a kan layi:
dubu huɗu da ɗari takwas, bakwai, cika, tsayawa ɗaya.
Rubutunsa ne, tun gashinsa na baƙi.
Ya ce ban taɓa sanin ma'anarsu ba,
wanda ya kafa shi ne ya ce in adana.

Na shigar.
Sifili. Sifili. Sifili, tsaf kamar ƙwai a faranti.

Ya ɗauki hularsa ya fita cikin sanyi,
ya taka har tsakiyar dandamalin ƙarfe, shi kaɗai,
wurin da tan arba'in ke tsayawa.
Allo ya ce tamanin.
Na leƙa taga na ɗaga murya: tamanin!
Ya ce saba'in da huɗu nake,
amma ashirin-ashirin yake ƙirgawa, ku bar shi, daidai ne.

Motar farko ta tayar.
Na rubuta adireshin a farin tef na manna wa akwatin.
Da ya dawo, ya karɓi birona,
ya kwafe shi a ƙarƙashin tsohon layin.